Igiyar Mai Tabo

Ranar Asabar da ta wuce na tarar da 'yata Ummi a falo ta cika ta yi fam, waya a hannu, idanu jajur. Na ɗauka faɗa suka yi da wata. Ashe sabon zangon katun ɗin Japan da suke bi ne ya fito, anime suke ce masa, kuma wani saurayi da take ji da shi a ciki ya juya wa abokansa baya ya tafi. Ƙawayenta sun cika mata waya da saƙonni, wai dama sun faɗa mata mugu ne, tun daga yadda aka zana girarsa ake ganewa. Na so in yi dariya, budurwa guda tana hawaye a kan zane. Dariyar ta ƙi fitowa, don ni ma na taɓa yin irin wannan kukan, nawa ma har da majina.

A wani ƙauye na bakin tafki kusa da Warra na tashi, a shekarun farko da aka yanke mana jihar Kebbi. Kaka, mahaifiyar Babana, bandar kifi ce sana'arta. Murhun laka biyu gare ta a bayan gida, kuma daga magariba har a kira isha nan ne majalisar yaran unguwa. Bahaguwa ce. Da hagu take juya kifi, da hagu take kai ranƙwashi, da hagu take murza rama a cinyarta tana tufka igiya, don ba ta iya zama hannu sake. In za ta fara tatsuniya sai ta ce, "Wa yaz zo da kunnenai?" Mu ce mun zo da biyu-biyu. Ta ce, "To ku ara mini guda, gudan ku bar shi ga kyanwa." Gaskiyarta, kyanwoyin unguwarmu sun fi mu sanin lokacin da tarwaɗa ta gasu.

A shekarar ne Kawu Ila, direban da ke kai busasshen kifi kudu, ya dawo da talabijin da bidiyo da ɗan janareto. Cikin kaset ɗin da ya haɗo har da wani katun na mutane masu manyan idanu. Duk Juma'a bayan la'asar sai ya kunna mana a zaurensa. Turanci suke yi da sauri, ko wanda ke aji shida bai tsintar komai, don haka mu muka raɗa musu suna. Labarin wasu mutane ne a kan gungu, wato tsibiri, ruwa yana ta cin ƙasarsu, jirgi ɗaya tak ya rage musu. Akwai jarumin, mai gashi tsaye cirko-cirko, muka sa masa Bushiya. Akwai yarinyar da ba ta rabo da kuka. Sai wani dogo mai tabo a kumatu wanda ba ya dariya, ba ya magana. Kowa Bushiya yake so. Maza har faɗa suke a kan wanda zai zama shi in ana wasa. Ni kaɗai na ce Mai Tabo nake so, kuma ban san dalili ba a lokacin.

Kaka ba ta taɓa leƙa zauren ba. Ta ce hayaƙi ya riga ya ci rabin idonta, ba za ta ba akwati sauran ba. Amma ba ta yi fushi da akwatin ba ko kaɗan. Ranar Juma'a ma ba ta yin tatsuniya, sai ta ce, "To, mi kunka gani yau?" Mu ruɗe da surutu, kowa na katse kowa, ita kuwa tana yanke hukunci a kan mutanen da ba ta taɓa gani ba. Bushiya bai burge ta ba. "Wanga yaro sai ya yi kuwwa kahin shi kai duka? Ai ko kihi ya ji shi ya gudu." Yarinya mai kuka kuwa ta ce yunwa ce, a ba ta tuwo a gani. Da aka zo kan Mai Tabo sai ta tambaya wa ke toshe jirgin in ya yi yoyo. Muka ce shi. Wa ke tuƙi? Shi. Ta gyaɗa kai kawai ta ce mu ci gaba.

Sai na faɗi abin da ke gidanmu a lokacin. Kamun kifi ya yi baya a tafki, Baba ya jera watanni yana dawowa da taru ba abin kirki. Wata asuba ya ɗauki jirginsa ya bi kogin Kwara ya yi arewa, aka ce mana zai dawo kafin damina. Damina ta zo ta wuce, babu shi babu saƙo. Inna ta daina ambatonsa a gabanmu. Matan unguwa kuwa in na zo wucewa sai su rage murya, ni kuma ba kurma ba ce. Abin da nake kwana da shi nake tashi da shi guda ne: Baba ya tafi nema ne, ko gudunmu ya yi?

Kaset ɗaya Kawu Ila ke samowa a kowace tafiya, mu yi ta ƙirga kwanaki. A ƙarshen na uku ruwa ya kawo har bakin bukkoki. Kowa na barci, Mai Tabo ya lallaɓa ya shiga jirgin nan guda ɗaya, ya tuƙa ya ɓace cikin hazo. Sai rubutu ya hau. Kawu Ila ya ce mai sayarwa ba shi da na huɗu, bai ma san ko akwai ba. Zaure ya kaure da zagi: maci amana, ɓarawon jirgi, dama fuskarsa ta nuna. Ina ta cewa ba haka ba ne, ban da wata hujja. Sai Sale, ɗan maƙwabtanmu, ya dube ni ya ce, "Dole ki so shi, ai awa Babanki ne." Na cije shi a hannu, har yau in mun haɗu sai ya nuna mini wurin. Na ruga gida na shige bayan tulu ina kuka.

Da magariba Kaka ta aiko a kira ni, na ƙi. Ta zo da kanta ta ja ni da hagun nan har bakin murhu. Yara suka ba ta labari, Sale na riƙe da hannunsa. Ba ta yi wa kowa faɗa ba. Ta juya kifinta tsaf, sannan ta ce, "Tambaya guda ni ka yi. Da zai tahi, igiyar jirgin yanke ta yay yi, ko daga jirgi yak kwance ta yab bar ta ga turke?"

Wani ya ce ya yanke, wani ya ce babu ma igiya. Ta ce, "Ɗiyan masunta, kun kalli jirgi ba ku kalli igiya ba? Kunya ta kama ni." Sai ta bayyana mana abin da kowane babba a bakin ruwanmu ya sani. Ɓarawo yanke igiya yake, don sauri yake yi. Wanda ya yi ƙaura yakan kwance ta daga turke ya naɗe ya tafi da abarsa. Amma wanda zai dawo, daga hancin jirgi yake kwancewa, ya bar ta ɗaure a turke. Muddin igiyar mutum na nan, ba mai ɗaure jirgi a gurbinsa, ko shekara nawa ya yi. Ta ce mu koma Juma'a mu duba, kafin nan kada wanda ya sake kiran bawan Allah ɓarawo a gaban murhunta.

Ban taɓa ganin mako mai tsawon wannan ba. A raina na riga na ɗaura hukuncin Baba a kan zanen nan: in Mai Tabo ya yanke, to shi ke nan.

Ranar Juma'a muka roƙi Kawu Ila ya mayar da kaset baya. Ya yi ta mita wai za mu kashe masa inji, amma ya mayar, ya tsayar da hoton daidai inda jirgi ke barin gaɓa. Hoton na rawa, mun taru kamar za mu shige cikin gilashin. Can a gefe, ƙasa-ƙasa, ga turke, ga wani abu naɗe a jikinsa, bakinsa na jan ruwa. Sale ya ce layin kaset ne kawai. Kawu Ila ya matso da fuskarsa ya duba, ya ce, "Kai yaro, ni ɗan bakin ruwa ne. Igiya ta." Ban san lokacin da na yi tsalle na taka ƙafar wani ba.

A daren Kaka ta ce tunda mai kaset ya gaza, ita tana da na huɗu. Ta kwashe kwana tara tana ba mu shi, kullum ta tsaya a inda ya fi daɗi ta ce kifi na son juyi. A nata labarin, Mai Tabo ya ƙirga mutanen gungu ya ga jirgi ɗaya ba zai ɗauke su ba, in kuma ya faɗa za su kashe juna wajen shiga. Shi ya sa ya tafi neman babba. Igiyar ruwa ta kai shi garin wani masassaƙi marowaci, wanda ya ce sai ya yi masa bauta damina uku. Ya yi, yana cin ƙanzo, kunya ta hana shi aika saƙo don ba shi da abin nunawa. A gungu kuwa mutane sun koma kan tudu, Bushiya na ta kuwwa yana cewa a tumɓuke turken maci amana. Wata tsohuwa ta zauna a kan turken ta ce sai dai a tumɓuke da ita. Ranar da ruwa ya kawo wuya, sai ga jirgi mai cin mutum ɗari ya ɓullo, ya nufi igiyarsa kai tsaye. Kafin ta kai ƙarshe duk unguwa ta koma bayan Mai Tabo. Sale ma cewa ya yi shi tun farko ya san mutumin kirki ne.

Washegari da sassafe ta ce in riƙe mata ƙwarya mu je bakin ruwa. Muka wuce inda mata ke wanki, har can ƙarshen inda jirage ke tsayawa, wurin da ban cika zuwa ba. Tsakanin jirage biyu akwai gurbi babu kowa, da turke, da igiyar rama ɗaure a jikinsa. Ta ce, "Rabi, gurbin wa a wanga?" Na ce na Baba. Ta ce, "To mi kika wa kuka?" Daga ranar ban ƙara sunkuyar da kai a gaban matan unguwa ba. Kullum in an tashi makaranta sai na biya na taɓa igiyar.

Baba ya dawo bayan damina ta uku, a motar haya daga Yelwa, ba jirgi, ya rame har Inna ta yi masa kallon baƙo. Ni ban yi mamaki ba. Na ce wa kowa dama na sani.

Sai bayan rasuwar Kaka, ina da aure har da goyon Ummi, muna zaune da Baba na tuna masa igiyar, ina yi masa godiya da ya bar mana ita. Sai ya ce, "Rabi, ni da igiyata nit tahi. Kunyar ku ta ishe ni, ban yi niyyar dawowa ba." Ya ce a can arewa ne wani mai sayen kifi daga garinmu ya gan shi, ya ce masa gurbinka na nan, igiyarka na ga turke, ba wanda ya taɓa. Ya rasa gane zancen, har ya yi mako bai runtsa ba, daga nan ya kamo hanya. Da ya iso ya je ya ɗaga igiyar, sai ya ga tufkar hagu ce. A duk garin mutum ɗaya ke tufka haka. Rama ba ta wuce damina guda a cikin ruwa, ke nan sau uku tana sakewa, a gabanmu take tufkawa tana ba mu labari.

Na daɗe ina juya abin a raina. Da farko na ji zafi, na ce ashe Kaka ruɗina ta yi. Da na ƙara shekaru na tuna ba ta taɓa cewa Baba ne ya ɗaura ba. Gurbin wa ne kawai ta tambaye ni. Ni na ɗauka igiya shaida ce da mai tafiya ke bari. Ita ta san wani lokaci mai tafiyar ba shi da ƙarfin barin komai, sai wanda ke gida ya ɗaura masa, ko labari zai kai gare shi. Ina kewarta ƙwarai, har yau in na ji ƙamshin banda sai ta faɗo mini a rai.

Na ba Ummi wannan labarin a ranar, tana share ido. Ta ce in na kwatanta mata katun ɗin za ta iya nemo mini kaset na huɗu a waya, yanzu ba abin da ke ɓacewa. Na ce ta bar shi, na riga na kalla a bakin murhu. Sai na tambaye ta nata saurayin, yankewa ya yi ko kwancewa? Ta ce, "Mama, babu jirgi a namu, babu igiya. Bai bar komai ba."

Na ce, "Kakanki ma bai bari ba."

Ta dube ni. Can ta ɗauki wayar ta rubuta wa ƙawayenta cewa kada wadda ta sake zaginsa, ita tana riƙe masa wuri har zango na gaba.