Ɗorawar da Ba Tamu Ba

Karatun bokona a firamare ya tsaya, shekarar da malaminmu ya gano na fi iya kiwon awakinsa a kan lissafi. Duk da haka a ƙauyenmu, can gefen Kafur, ni ake nema in maganar doka ta taso, don ina da rediyo, kuma ina da baki. In mutum ya zo da rigimar gona sai in gyara zama, in yi tari irin na manya, in ce masa ai duk ƙasar nan a hannun gwamna take, mu riƙo kawai muke yi. Sai ya tafi yana jinjina kai. Abin da ba na sakawa a cikin bayanin shi ne, ni mai fatawar, gonar da ke ciyar da gidana ba tawa ba ce.

Ta aro ce. Da aka raba gadon mahaifinmu, mu da yawa, abin da ya faɗo hannuna in akuya ta kwanta a ciki wutsiyarta tana gonar ƙanena. Sai wani dattijo, aminin mahaifina, ya kira ni ya nuna mini wata gonarsa ta bakin rafi, mai manyan ɗorawa a tsakiya. Ba haya ba ce, don bai yanka mini abin da zan riƙa ba shi duk shekara ba. Ba jingina ba ce, don ban ba shi komai ba. A gaban mai unguwa ya ce da ni, "Ka nome ƙasa, ka ci abin da ka shuka. Kada ka dasa itace, kada ka haƙa rijiya, kada ka kafa ko da rumbu. Ɗorawa kuwa, ko a ka ta faɗo maka, tawa ce."

Baƙo zai ce rowa ce. Ba ita ba ce. Mai aro yakan daɗe yana noma wuri har yaran unguwa su tashi suna kiran gonar da sunansa. Abin da ke tuna wa jama'a mai ita na gaskiya shi ne ranar da matan gidansa za su zo da ƙugiya da buhuna su sauke ɗorawa, kowa yana kallo. Ba mu da takardar shaida, itacen nan ne shaidar. Wanda ya ci 'ya'yansa ya ce gonar tasa ce, ko bai buɗe baki ba.

A haka muka zauna har na yi furfura. Dattijon ya rasu, matarsa, wadda duk muke ce wa Iya, ta ci gaba da zuwa duk bazara da matan gidanta. Takan zauna a inuwa tana ba da umarni, in ta hango ni ta ce, "Ɗan boko, bana ma dawar taka ba ta ci jarrabawa ba?" Ni kuma in durƙusa in gaishe ta, in ce malamin ne bai zo ba.

Sai shekarun nan suka zo da hanyoyi suka lalace, masu bindiga suka hana mutane sakewa. Duk gidan da ke da hali ya tattara ya koma gari. Babban ɗan Iya, wani Alhaji mai shagon taki a Funtuwa, ya zo da mota ya ɗauke ta. Mu da ba mu da wurin zuwa muka zauna, muna noma da kunne ɗaya a daji.

Bazara ta zo, ɗorawa ta yi 'ya'ya kamar ta san ba mai zuwa. Suka nuna, suka fara zubewa, shanu suna tattakawa. Ni dai in zan wuce sai in sunkuyar da kai kamar mai wuce surukarsa. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, kuma kowa ya san in ruwa ya taɓa ta an yi asara.

Uwargidana kuwa mace ce da ba ta iya ganin ƙwayar hatsi a ƙasa ta wuce. Na tafi Malumfashi ta'aziyya na kwana biyu, ina dawowa tun daga zaure hancina ya gaya mini an yi ɓarna.

Na ce, "Ke, warin me nake ji?"

Ta ce, "Wari? Ƙamshi dai, Malam. Kalwa ce nake dafawa."

"Kalwar ina?"

"Ta gona mana."

"Gonar wa?"

"Wadda kake zuwa kullum. Ruwa ya kusa sauka, ga abinci yana lalacewa, Iya ba ta nan. In bar wa shanu?"

Na sassauta murya na ce, "Wa ya gan ki?"

"Wa ya gan ni? Ai da rana tsaka muka je, ni da matan maƙwabta. Har jakin mai unguwa muka ara."

Na zauna a kan turmi. Ita a ranta alheri ta yi, ta ce dama za ta ajiye wa Iya kasonta. Na ce ai matsalar ke nan, Iya ba ta da kaso, duka nata ne. Wanda ya ce zai ba mai abu kaso ya riga ya mai da kansa mai abin.

Magana ba ta buƙatar kuɗin mota, ta riga kowa isa Funtuwa. Ba a daɗe ba na hango mota a bakin rafi. Alhaji ne da wani baƙo, suna zagaya iyakar gonar, baƙon yana dumbuzar ƙasa yana murzawa a tafin hannu. Ina tsaye da fartanya, Alhaji ya ɗaga mini hannu daga nesa, bai ƙaraso ba. Mutumin da yana yaro nake ɗora shi a jaki.

Da la'asar mai unguwa ya kira ni. Ya ce baƙon ɗan kasuwar masara ne, Alhaji yana so ya jinginar masa da gonar don ya faɗaɗa shago. Ba sai an yi mini bayanin jingina ba, ni nake yi wa mutane. Wanda ya karɓi jingina shi ke noma wurin har ranar da aka fanshe, kuma na san gonakin da aka jinginar tun ina saurayi har yau ba a fanshe su ba. Mai aro ba shi da wuri a wannan lissafin. Mai unguwa ya ce, "Da ba ku taɓa ɗorawar ba, da na ce masa ya ji kunyar mahaifinsa. Yanzu cewa yake kun fara da'awar gona. Kuma da jakina."

Kwanakin nan ban san ɗanɗanon tuwo ba. Na riga na kai taki, iri yana rumbu, gida cike da baki, ga jikoki. Duk ƙarar mota sai in leƙa waje. Na kashe rediyo, don duk lauyan da ya yi magana a ciki sai in ji kamar ni yake nufi. Na riƙa lissafa wanda zai ba tsoho kamata aron gona a wannan zamani, da kowa ke neman ta kusa da gari saboda tsoron daji. Ban samu ko mutum ɗaya ba. Wani ma ya zo neman fatawa a kan iyaka, na ce masa likita ya hana ni doka.

Uwargida ce ta yanke shawara. Ta ce, "Ni na sauke, ni zan kai." Muka ɗaure komai: daddawar da ta gama, garin ɗorawa, har makuba, ɓawon nan da ake jiƙawa a yi daɓe da shi, ban bari an bar ko ɗaya ba. Muka shiga bas. Akwai wani kurmi a hanya da in an iso shi kowa ke yin shiru, direba ya take mota, leɓuna su kama motsi. A cikin shirun nan wani fasinja ya ce, "Don Allah mai daddawar nan, in an tare mu kai za ka fara fita, wataƙila su gudu." Ba wanda ya yi dariya sai da muka wuce.

Mun sami Iya a kan tabarma a tsakar gida mai siminti, ba ko itace ɗaya. Ta rame, tana tari. Muka zube muka gaishe ta, aka kira Alhaji daga shago. Ya gaishe ni da ladabi, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Ya ce, "Baba, ba ƙin ku nake ba. Amma mutum in ya daɗe a gona, ya fara cin itatuwanta, wata rana 'ya'yansa za su tsaya gaban alƙali su ce gado ce, su kawo shaidun da suka ga uwarsu tana saukewa. Ku ba za ku yi ba, na sani. 'Ya'yanku fa? Jikokinku fa?"

Na buɗe baki, na gyara zama, har tarin manya na yi. Sai dai gaskiya ya faɗa, kuma da wani ne ya kawo mini wannan maganar, abin da zan ce masa ke nan.

Iya ba ta ko dube mu ba. Ta jawo ƙunshin ta kwance, ta gutsuri daddawa ta kai hanci.

"Wa ya yi wannan?"

Uwargida ta ce, "Ni ce, Iya."

"Kin yi gaggawar buɗe ta."

Na ga wuyan uwargida ya miƙe, na taka mata yatsa.

"Makuba fa?"

Na ce, "Tana buhu, Iya."

"Ita ta tsakiyar nan, reshen da ke kallon rafi, an sauke shi? Shi ya fi zaƙi."

"An sauke."

Sai ta sa aka kira mata matan maƙwabta. Suka shigo, ta riƙa gutsura tana miƙa wa kowace, tana cewa da ƙarfi yadda na waje ma zai ji, "Ɗorawata ce daga gonata. Ƙafa ta hana ni zuwa, waɗannan suka sauke mini suka kawo har gida. Ku ɗanɗana, sai dai ku yi haƙuri da hannun mai dafawar."

Da suka fita ta juya ga ɗanta. "An raba gadon ubanka ne ban sani ba?"

"Ba a raba ba, Iya."

"To tumunina yana ina?"

"Ba a fitar ba tukuna."

"A gindin ɗorawan nan yake. Ƙannenka ma ba ka tambaye su ba. Ka jinginar da naka in ka san inda ya fara da inda ya tsaya. In kuma sauri kake, ka kai ni gaban alƙali a raba."

Alhaji ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya kiyaye, Iya."

Ta dube ni ta ce, "Kai kuma ɗan boko, rufe bakin, ƙuda zai shiga."

Da za mu tafi Alhaji ya rako mu ƙofa. Ba ya fushi, ko alama. Ya ce, "Baba, ku je ku yi shuka. Muddin Iya tana nan, ba mai taɓa ku."

Uwargida ta yi ta murna a mota, har kurmin nan ba ta lura mun wuce ba. Ni kuwa rabin farko na maganar Alhaji nake ta juyawa. Ranar da Iya ta tafi za a raba gado, gonar ta zama yanki-yanki, kowane magaji ya yi yadda ya so da nasa. Aron da aka ba ni da baki ba ya cikin abin da ake rabawa.

Tun daga ranar, duk faɗin ƙasar Katsina ba wanda ya kai ni damuwa da lafiyar tsohuwar nan. 'Ya'yan cikinta ma suna bayana. In na sami zuma, tata ce. In na ji mai maganin tari a kasuwar Kafur sai na tsaya na saurara har ƙarshe. Na saba da direbobin Funtuwa, suna hango ni suke cewa, "Baba, ta ci tuwo jiya," tun ban tambaya ba. In aka ce an yi rasuwa a Funtuwa, kafin in ce Allah ya jiƙa sai na ce, "Namiji ko mace?" Liman ya taɓa yi mini magana a kan haka.

Bana ma ɗorawa ta yi fure sosai. Uwargida ta gyara ƙugiyarta ta jingine a bayan ɗaki, amma na gaya mata ko ganye ba za ta taɓa ba sai Iya ta aiko da baki, a gaban mai unguwa, kuma ba da jakinsa ba. Saƙon bai iso ba tukuna. Makon jiya wani direba ya ce mini tarin ya ɗan ƙaru, har an kai ta asibiti an dawo.

Taki dai na kai rabin gona. Sauran yana nan a tare a ƙofar gida, ina jiran labarin da motar Funtuwa za ta kawo gobe.