Gonar Doya a Hanyar Garam

Ƙanina ne ya bar mini kyamarar da ya gaji da ita. Lokacin ina aikin jinya a Abuja, muna haya a Suleja. Da farko hotunan suna da biki kawai nake ɗauka, har wata rana yatsana ya taɓa wani maɓalli, hoton bishiyar mangwaron tsakar gidanmu ya fito baƙi da fari. Na daɗe ina kallonsa. Shekara da shekaru ina shanya a gindin bishiyar nan, ban taɓa lura da zanen ɓawonta ba sai ranar. Daga nan ban ƙara mayar da kala ba.

A ɗakin da ke kallon namu akwai wata malamar firamare da ta yi ritaya, mutuniyar Jos, duk mutanen gidan muna ce mata Mama. Tana da wata tsohuwar mota da take zuwa coci da ita. Da ta gaji da ganina ina zagaya bishiya ɗaya, sai ta ce, "Ke kam, 'yata, kullum mangwaro? Ran Asabar ki shirya in kai ki Dutsen Zuma."

Na ce, "Mama, wa ke garin nan da ba shi da hoton Zuma a waya? A kai ni inda ba a zuwa."

Farkon damina ne. Muka ɗauki hanyar Kaduna, muka wuce Diko, muka karkata hanyar Garam. Can na hango wata gonar doya, an jera tudu-tudu har gindin duwatsu, kowane tudu da 'yar hular ciyawa a kansa. Hadari ya haɗu a bayan duwatsun, baƙi ƙirin. Na ce ta tsaya. Mai gonar yana gefe yana hutawa, muka gaisa, na nemi izini. Ya tambaya ko shi zan ɗauka, na ce a'a, gonar. Ya kalli Mama, Mama ta ɗaga kafaɗa.

Na tsaya ina jiran rana ta leƙo ta ƙarƙashin hadarin. Mama ta cinye gyaɗarta, ta fara cin tawa.

"Me kuma ake jira? Gonar ba ga ta nan ba?"

"Haske, Mama."

"Yau na ga ikon Allah. Da rana tsaka ana jiran haske!"

Ba ta rufe baki ba rana ta ɓullo. Kowane tudu ya yi fari ta gefe ɗaya, ya ja inuwarsa ta ɗaya gefen. Na danna, na sake dannawa, sai ga ruwa. Da gudu muka shiga mota, muna haki muna dariya.

Hoton ya yi mini kyau har na ga bai kamata ya ƙare a cikin kyamara ba. Na kai shi wani shago kusa da kasuwa, inda ake buga hotunan aure da kalandar biki, na ce a fitar mini da babba. Ranar karɓa Mama ta raka ni. Mai shagon ya zaro shi yana murmushi. Sama ta zama shuɗiya, duwatsu sun yi kore shar, ga fararen tsuntsaye suna shawagi, ga jan fure a kowace kusurwa.

Ya ce, "Hajiya, na lura kyamararki ta samu matsala, kala ba ta fita. Shi ne na zauna na gyara miki."

Mama ta yi dariya har sai da ta nemi benci ta zauna. Na yi masa bayani cewa da gangan na yi. Ya tambaya ko hoton tunawa da mamaci ne. Na ce gona ce kawai. Ya sake buga mini yadda nake so, yana girgiza kai. Mama kuwa ta rungume mai tsuntsayen ta ce nata ne, a falonta za ta rataye.

Ashe matan cocinsu sun gani, ta kuma ba su labari da ƙarin gishiri. Asabar ɗin da ta biyo baya na fito da kyamarata, na tarar da mata uku a bayan mota, sun ci ado, da kular shinkafa a kan cinya. Duk inda na ce a tsaya, kafin in saita kyamara sun riga sun jeru a gaban dutsen da nake son ɗauka suna gyara ɗauri. Sai muka yi yarjejeniya: in fara ɗaukarsu da kala, sannan su koma bayana in ɗauki dutsena. Suka yarda, amma ba su iya yin shiru ba. Ɗaya ta ce in matsa hagu, ɗaya ta ce wancan gajimaren ya fi kyau. Da na juya na duba, gaskiyarta ce, shi na ɗauka. Muka ci shinkafa a gindin wata ɗorawa kusa da Tafa, muka kamo hanyar gida kafin la'asar.