Kwalaben ƙwarina da yajin Umma

Na ɗauki jakata zan fita, sai ƙanshin daddawa ya bugi hancina.

Yau ne tafiyarmu daji, sati biyu, mu 'yan ajin nazarin halittu. Malaminmu ya raba mana ƙananan kwalabe na adana ƙwari, ya ce duk wanda ya zo babu su ya yi asarar maki. Jiya na wanke nawa tas, na kife, na tafi kasuwar Tarauni neman takalmin ruwa.

Ina zuge jakar, sai ga su a jere, Umma ta cika su: yaji, kuka, daddawa, man shanu.

Na ce, "Umma, na ƙwari ne fa."

Ko ɗagowa ba ta yi daga tsintar shinkafarta ba. "Ƙwaro a gidansu za ki same shi, ba ya rasa abinci. Ke ce baƙuwa."

Mai adaidaitan da zai kai ni yana ta danna hon a waje, muna juyewa a leda, ina dariya, tana mita. Ta yajin kam ban juye ba. Ƙwaro ɗaya ya ci albarkacin Umma, ya tsira daga kwalba.

Ku fa, me aka taɓa cusa muku a jaka?