Keken ɗinkin Khala Rabi

Ɗazu na tarar da maƙwabciyata Khala Rabi a ɗakinta a unguwar Nakkasa da ke Makka, tana shafa keken ɗinkinta da ya lalace. Da shi take ciyar da marayunta.

Na ce, "Khala, ba kin je wurin masu ba da rance babu ruwa ba?"

Ta yi murmushi. "Na je, 'yata. Nan sun ce dokarsu ta 'yan ƙasa ce. Na aika Kano, can kuma wai sai mazaunin gari. Ni a Makka aka haife ni, ban taɓa ganin Kano ba."

A littattafan da nake karantawa, nan ne wani bawan Allah yake sallama da taimako. Mun zauna har la'asar, ba wanda ya zo.

Jama'a, irin su Khala ina za su nufa?