Baba Yohanna, Malamin da Ke Juya Mana Baya

Ina cikin keke napep a Barnawa, zan tafi aiki, Luka ya kira ni. Na so in bari sai na sauka saboda ƙarar hanya, amma Luka ba mai kiran safiya ba ne. Ya ce, "Anti Rifkatu, Baba ya rasu da asuba." Na ce wa mai keke ya tsaya. Na sauka na tsaya a bakin titi, ban san ko gaba zan yi ko baya ba. Can na lura yatsun hannuna na hagu suna danne igiyar jakata kamar yadda ake danne wuyan jita. Tun daga safiyar nan zama wuri ɗaya ya gagare ni, kuma ina rubuta wannan ne ko zuciyata za ta ɗan lafa.

Baba Yohanna, mahaifin Luka, shi ya koya mini jita, ni da matasa da yawa a Mahuta. Asalinsa makanikin injinan saƙa ne a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri. Yakan ce a can ya samu kunnensa, don a cikin rugugin injina sai ya tsinto wanda ba shi da lafiya tun kafin zare ya tsinke. A can kuma inji ya taɓa cafke masa ɗan ali na hagu, yatsan ya warke a ɗan karkace. Da aka rufe masaƙar sai ya koma gyaran keken ɗinki da janareta a ƙofar gidansa. Da yamma ya wanke hannu da kananzir, ya ɗauko jita, mu kuma mu jeru a kan benci a tsakar gida.

Duk wanda ya yi karatu a wurinsa ya fi sanin ƙeyarsa a kan fuskarsa. Zai sa mana waƙa mu saurara, a kaset da farko, daga baya a waya. Sai ya ɗaga kujerarsa ya juya mana baya, ya fara kaɗawa. Aikinmu shi ne mu gano kod ɗin da yake dannawa, wato yadda yatsu ke kama tsirkiyoyi da yawa su ba da amo guda, ba tare da mun ga hannunsa ba. Ranar farko na zagaya ta gefe ina leƙe. Bai ko ɗago ba ya ce, "Koma wurinki. Ido ɓarawo ne, kunne kuwa malalaci. In na bar ido ya sata, kunne ba zai taɓa neman aiki ba."

Hanyarsa ba ta canzawa. "Nemi ƙasa tukuna," yake cewa, "ba a fara gini daga kwano." Sai ka rufe baki ka yi gunjin sautin da ya fi kowane zurfi a waƙar a maƙogwaro, ka laluba shi a kan tsirkiya mai kauri har su haɗu. In ka same shi sai ya tambaya, "To, wannan kod ɗin dariya yake, ko daga gaisuwar mutuwa ya dawo?" Haka muka koyi bambanta mai daɗi da mai ɗaci, wanda ake kira maino. Bai taɓa cewa ka yi kuskure ba. Kafaɗarsa ta hagu ce ke ɗagawa kamar sauro ya cije shi. In ka dace sai ta sauka, ya ci gaba, ba yabo ba komai. Mun sha zufa saboda kafaɗar nan.

Ba zan mayar da shi abin da ba shi ba ne don ya mutu. Baba yana da taurin kai, yana da gajen haƙuri da mai zuwa latti, kuma da ya yarda ya je asibiti da wuri wataƙila da ba wannan nake rubutawa ba. Amma ba shi da girman kai a kan abin da ya sani. Da yara suka fara zuwa da kod da suka samo a intanet, mun zaci zai kore su. Sai ya ce, "Kaɗa mu ji." In ya yi daidai ya ce, "Wayar nan tana da kunne." Sai ya ƙara, "Amma ranar da caji ya ƙare a tsakiyar sujada fa, wa zai riƙe mawaƙa?" Akwai kuma kod ɗaya da ya tsana a fili, B maino, wanda sai ɗan ali ya kwanta ya danne duka tsirkiyoyin. Yatsansa na masaƙa ba ya jurewa. Yana kiransa kod ɗin mugunta. In waƙar coci ta zo da shi, sai ya ɗaura fensir da roba a wuyan jitar ya sauya wa waƙar mazauni, don kawai ya kauce masa.

Akwai waƙa ɗaya da bai taɓa koya wa kowa ba. Ta Turanci ce, irin kiɗan Turawan nan na shekarun baya da ake kira fof da rok, a wani kaset da wani abokin aikinsa ɗan Binuwai ya ba shi. Kullum in an tashi darasi, muna tattara kaya muna surutu, sai ya kaɗa ta a hankali. Bayansa na wajenmu, fuskarsa na wajen ƙofar kicin, inda matarsa Mama Saratu ke zama tana aikin abinci. Wata rana, da kunnena ya fara girma har ya fara yi mini rawar kai, na ce masa, "Baba, a tsakiyar waƙar nan kun saɓa da kaset." Ya ce, "Kaset ɗin ya kawo miki ƙara ne?" Aka yi mini dariya, maganar ta wuce.

Da na je gaisuwa, gidan ya cika, matan zumuntar coci sun kewaye Mama. Ta aika a kira ni ɗaki. Jitar tana kan gado. Ta ce, "'Yata, za a yi taron waƙoƙin ban kwana a nan tsakar gida, washegari a wuce da shi ƙauye. Ke za ki kaɗa mini waƙar nan tasa. Na yi magana da fasto, ya ja ya ja ya yarda." Na ce, "To, Mama." Ta riƙe hannuna ta ce, "Yadda yake kaɗa ta fa. Ina so in ji ta sau ɗaya kafin a fitar da shi daga gidan nan."

Na ɗauka abu ne mai sauƙi. Luka ya nemo mini waƙar a waya, na bi ta yadda aka koya mini. Na nemi ƙasa, na same ta. Baitocin farko kod huɗu ne da kowane ɗan koyo ya sani, suna ta zagaye. A tsakiya ne mawaƙin ke haurawa sama da murya, can ma na bi shi har na kama. Na koma Mahuta da ƙwarin gwiwa, na zauna gaban Mama na kaɗa. Ta lumshe ido tana gyaɗa kai, har muka iso tsakiya. Sai ta buɗe ido.

"Ba haka ba ne."

"Mama, haka yake a kaset."

"Ni ban san kaset ba. Na dai san ba haka yake yi ba."

Daga nan hankalina ya tashi. A wurin aiki ina zaune ina buga ƙafa, a keke ina gunji har fasinjoji na waiwayena. Na tafi har Gonin Gora wurin wani tsohon ɗalibinsa mai sayar da taya, wanda ya girme mu a jita. Ya kaɗa nasa hasashen, na kaɗa nawa, muka kalli juna muka san duk shaci-faɗi muke yi. Dukanmu mun ji waƙar sau babu iyaka, amma da rabin kunne, muna neman takalma, kuma babu wanda ya taɓa ganin hannun. Na gwada duk kod ɗin da na san Baba yana so, ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya zauna. Zan faɗi gaskiya, na ji haushinsa. Mutum ya yi shekaru yana juya wa mutane baya, sai ya mutu ya bar ni da matarsa tana jira.

Na koma na ce, "Mama, ku ne kuke gabansa kullum. In ya zo wurin nan, ina yake sa yatsunsa?" A karo na farko tun rasuwar na ga ta yi dariya. Ta ce, "Ina tuƙa tuwo zan tsaya kallon yatsu? Ai ni da shi ba kallon hannu muke yi ba."

Ranar taron ta zo ban samu ba. Da rana tsaka ana ta jera kujeru, an kafa rumfa, mata na hura wuta a bayan gida. An hana Mama taɓa komai, sai ta je ta zauna a bakin ƙofar kicin, wurinta na kullum, hannu babu aiki. Na rasa inda zan sa kaina. Na jawo kujerar Baba, kuma don kada masu shige da fice su ga ina kuka, na juya ta yadda yake yi. Na fara kaɗawa ƙasa-ƙasa. Sai na ji wata murya tana bina. Mama ce, bakinta a rufe, tana gunjin waƙar a maƙogwaro, idonta na wani wuri. Daga kan benci ba a jin wannan muryar. Sai wanda ya zauna a nan, ya fuskanci nan.

Muka iso tsakiya. Inda mawaƙin kaset ke haurawa sama, Mama ta gangara ƙasa. Muryarta mai kauri ce, ba ta kai can, sai ta yi wa kanta wata hanya ta ƙasa. Kod ɗina ya yi karo da ita, na ji kafaɗata ta hagu ta ɗaga da kanta. Na ce, "Mama, ku sake wurin nan." Ta sake. Na bar kaset, na nemi ƙasa a cikin muryarta, na laluba tsirkiya mai kauri har suka haɗu. Na tambayi kaina tambayarsa, na ji amsar: wannan daga gaisuwar mutuwa ya dawo. Na kwantar da ɗan ali na danne duka tsirkiyoyin. B maino ne. Kod ɗin mugunta, wanda ban ko gwada ba don na san ba ya taɓa shi.

Mama ta dafa ƙirji ta ce, "Shi ne. Yohanna ke nan."

Na yi mata bayani yadda zan iya, cewa a wurin nan mawaƙin sama yake yi, Baba ne ya sauya kod ɗin ya biyo ta. Sai ta ce, "Ashe ba haka Baturen ya yi ba?" Na ce a'a. Ta ce, "Shekara da shekaru ina rera ta a karkace, bai taɓa ce mini na kauce ba." Ta ƙara da cewa, "Kullum in ya gama sai ya riƙa yarfa hannun nan. Ina ce masa ya rage gyaran janareta."

Da yamma, bayan mawaƙan coci sun gama nasu, fasto ya kira ni. Na ɗauki kujerar Baba na ajiye gaban Mama, na juya wa jama'a baya. Na ji wasu dattawa suna gunaguni, amma ɗalibansa sun gane, ba wanda ya motsa. Wannan karon ta buɗe baki ta rera, da Turancinta yadda ta ji shi, kuma da muka zo tsakiya ta gangara, na gangara na tarye ta. Washegari aka wuce da shi ƙauye.

Har yau ban daina jin kewarsa ba, kuma yamma ce ta fi yi mini wuya. Na ɗauka waƙa ya koya mana mu saurara. Ban san yana sauraron mutumin da ke gabansa fiye da waƙar ba sai da na zauna a kujerarsa.

Ya Ubangiji, ka ji ƙan bawanka Yohanna. Ka gafarta masa taurin kansa da duk abin da ya gaza, ka karɓe shi cikin hutunka inda babu yatsa mai ciwo. Ka ƙarfafa Luka da 'yan'uwansa, ka ba su haɗin kai a kan abin da ya bari. Ka ba mu da ya koyar haƙurin da ya yi da mu. Mama Saratu kuwa, ka riƙe ta a lokacin da masu gaisuwa za su watse, tsakar gida ta yi tsit. In ta zauna a bakin kicin ta fara gunjin waƙarta, kada ka bar ta ta gangara ita kaɗai. Amin.