Maƙiyin Sahabi na Wurin Lodi

Ranakun aiki da yawa sun gudu daga kaina, amma ban taɓa mantawa da ranar da wana Sahabi, Allah ya jiƙansa, ya zauna a ƙofar wurin aikinmu ya ɓata sunan kansa da bakinsa ba. Ku da kuka same shi yana shugaban masu lodi, da farin gemu da tafiyar ƙasaita, da wuya ku yarda. Ni ina wurin, kafaɗata tana gogar tasa.

Lokacin mu biyu leburori ne a masana'antar siminti ta nan Malbaza, wadda muke ce wa izin. Ga wanda bai san aikin ba: manyan motoci suna jeruwa, buhuna suna gangarowa, kai kuma ka tara kai, ka ɗauka, ka jera a cikin mota. Kowace ekip, wato rukunin masu lodi, tana da shef nata. Namu Shef Mamman ne. Saboda ƙura, tsumma muke naɗawa a fuska, mu kifa yagaggen buhu a ka. Kafin azahar duk mun koma launi ɗaya, toka-toka, ido kawai ke motsi. Innarmu da ta haife mu ta taɓa kawo mana abinci ta miƙa wa wani Bazabarme tana zaton Sahabi ne, har da ce masa ya rage wa ƙanensa.

A shekarar nan Sahabi yana neman auren Rabi, ɗiyar Baba Nomau, wani manomi na Tsarnawa. Rabi tana so, Sahabi kuwa har ya rame don so. Tsoho ya ce ba ya ba da ɗiya sai ya binciki halin yaro da kansa. Sau ɗaya tak ya taɓa ganin Sahabi, cikin rigar aro, kai a sunkuye.

Ranar da nake ba ku labari, mun fito hutun rana mun zube a inuwar bedi, wato itacen dogon yaro. Sahabi yana sanye da gajeren wando mai ƙofofi da yawa, ya ture tsumma sama kaɗan, ya kafa kai a ƙwaryar fura. Sai ga sallama a kanmu. Muna ɗaga ido, Baba Nomau ne da sandarsa.

Kun dai san yadda abin yake a wurinmu. Mutum ba ya cin abinci a gaban suruki, balle ya bar shi ya ga gwiwarsa a waje. Sahabi ya yi wuf ya ja tsumma ya rufe baki, furar ma bai haɗiye ba.

"Sannunku da aiki, samari," in ji tsoho. "Ko kun san wani yaro da aka ce ma Sahabi?"

Na buɗe baki, Sahabi ya taka mini ƙafa. Ya haɗiye furarsa, ya kauraro murya, ya ce, "Mun san shi, Baba."

"To madalla. Ƙaƙa halinai?"

Nan fa ake yin ta. In ya ce shi ne, kunya ta kashe shi. In ya yabi kansa, ba tarbiyyar gidanmu ba ce. Sai ya zaɓi hanya ta uku, wadda babu mai hankalin da zai bi.

"Ba laihi," in ji shi. "Sai dai shina da ci. In kab ba shi tukunya, wanke ta kawai za a yi."

"Sai mi?"

"In yak kwanta, minsharinai har Tsarnawa kuna iya jiyowa."

"Sai mi kuma?"

Da ya tsaya nan, da da sauƙi. Amma bakin Sahabi in ya kama gangara ba shi da birki. Ya ce ga taurin kai awa jakin kasuwa. Ya ce ga mantuwa, ya taɓa zuwa Konni da keke ya dawo a mota. Tsoho ya juyo gare ni ya ce, "Kai hwa, yaro?" Ni kuwa ba a ƙaryata babba a gaban babba, ga dariya tana neman fasa mini ciki. Na ce, "Abin da yah hwaɗi, Baba."

Tsoho ya girgiza kai ya wuce. Sahabi ya dafe kai da hannu biyu, ƙura ta tashi, ya ce, "Illa, na kashe kaina." Wallahi na ga hawaye sun yi layi biyu a cikin simintin fuskarsa. Sai a sannan dariyata ta tsaya, don na san irin son da yake yi wa Rabi.

Allah ya sa Baba Nomau ba mai jin baki ɗaya ba ne. Ya nemi shugabanmu, aka nuna masa Shef Mamman, mu kuma muka raɓe a bayan wata mota muna saurare. Shef ya ce Sahabi ne ke fara zuwa, shi ke ƙarshen tashi. Ya ce akwai wani dattijo a ekip ɗinmu da bayansa ya riƙe, Sahabi ya dinga ɗaukar buhunansa a kan nasa don kada mutumin ya rasa aiki. Tsoho ya kwashe abin da ya ji a gindin bedi ya faɗa masa.

"Wa ya hwaɗa maka hakanga?" in ji Shef cikin fushi. "Nuna mini shi!"

Baba Nomau ya dubi taron leburori, ya ɗaga sanda, ya yi ta yawo da ita a iska, ya sauke. Ya ce, "Dut iri guda ne."

An ɗaura aure bayan girbi. Da Sahabi ya je gaisuwa, tsoho ya kira shi gefe ya ce, "Ɗana, kana da maƙiyi wurin aikinku. Mai ƙaton murya ne. Ka yi hankali da shi." Daga nan duk shekara sai ya aiko da damin gero da gorar rubutu na tsari daga maƙiyin nan. Sahabi ya yi ta shan rubutu don a kare shi daga kansa. Rabi kuwa ni na tsegunta mata. Duk ranar da suka saɓa, sai ta ce, "Bari in je in gaya ma Baba na gano mutumen nan." Nan take faɗa ya mutu.

Haka suka zauna har ya zama shef, har ya ajiye aiki. Babban ɗansu yanzu direban motar siminti ne, ɗiyarsu tana koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, a Illela. Bara, bayan damina, ya kwanta kwanaki kaɗan, Allah ya karɓi abinsa. Har yau in an fito hutu nakan duba gindin bedin nan, zuciyata ta yi nauyi.

Baba Nomau yana raye, ya tsufa tukuf, ba ya gani sosai. An kawo shi wurin ta'aziyya, ya sa aka kira ni. Ya riƙe hannuna ya ce, "Illa, maƙiyin nan nashi, ya zo gaisuwa?"

Na ce, "Shi ma ya rasu, Baba. Rana guda sunka tahi."

Ya ce, "Allah shi jiƙan shi, shi ma. Bai yi ƙarya ba, Rabi ta shaida mini cin da minsharin. Alherin yaron ne kawai bai hwaɗi ba."

Abin da aikin lodi ya koya mini ke nan, ku riƙe. Mutanenmu ba su iya faɗin alherin kansu ba, sai dai wanda ya ɗauki buhu tare da su ya faɗa. Shi ya sa na tara ku yau. Sahabi ya faɗi rabinsa a gindin bedi, ni kuma na cika masa sauran.