Rariyar Gidanmu

A unguwarmu a Gaya, zamanin Turawa, ba sai ka shiga gidan mutum ka san abin da ya ci ba. Rariya ce ke tona asiri, wato ƴar kafar nan ta gindin katanga da ruwan wanke-wanke ke bi ya fita lungu, ya gangara kududdufi. In ruwan tsari ya fito fari, an surfa gero. In da maiƙo a kansa, an ci nama. Ni kuwa na ƙware da karanta rariyar mutane, kuma bakina ba ya shiru.

Shekarar da amfanin gona ya ƙi, maigidana ya tafi cin rani, ya bar ni da yara da ɗan abin da bai kai ko'ina ba. Hatsin ya ƙare. Muka koma kan rama da zogale, wani lokaci a kwana haka. Yunwar na iya da ita. Abin da ban iya ba shi ne a ce rariyata ta bushe, ni da aka auro daga Gafasa, daga gidan da ba a sauke tukunya. Sai na riƙa dama toka a ruwa kowace hantsi, in tuttula ta rariya, ya fita fari tas kamar na mai surfe.

Ana haka hukumar En'e ta sa aka yi shela cewa ruwan kwata ke kawo sauro da ciwo, kowane gida ya haƙa rami a bakin rariya, a cika da duwatsu, ƙasa ta shanye ruwan. Wanda nasa ya malala lungu, a ci shi tara. Maƙwabta suka haƙa. Ni na ƙi, domin ruwan da ba a gani ba ba shi da amfani a wurina.

Ranar da dubagari mai duba tsafta ya zo da mai unguwa, lungun duk ya bushe sai ƙofarmu. Ina daga cikin zaure ina jin dubagarin yana faɗa, wai daga ganin ruwan nan gidan masu hali ne, raini ne kawai, don haka tarar za ta yi nauyi, in babu a kama akuya. Akuyar nan ita kaɗai gare mu, nononta yara ke sha. Amma wallahi da ya ce masu hali, sai da na ji daɗi a raina. Mutane sun taru suna ji.

Sai maƙwabciyata ta matso, wata tsohuwa mai kiwon agwagi, wadda na sha yi wa dariya saboda rariyarta ba ta taɓa ganin maiƙo ba.

"Ranka ya daɗe, ka bar yarinyar nan," in ji ta a hankali. "Toka ce da ruwa. Agwagina sun daɗe da daina tsayawa a ƙofar nan, ko ƙwayar dusa babu."

Dubagari ya tsuguna ya shafo ruwan, ya murza a yatsa. Ya miƙe. Ya gaya wa mai unguwa a samo wanda zai haƙa mini ramin, ya wuce. Akuya ta tsira. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige, don ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Kafin la'asar akussan tuwo suka fara shigowa daga gidajen da na gama yi wa gori. Yara suka ci har suka bari. Na ci ina hawaye, ina jin haushin tsohuwar, ina kuma sanin ita ta cece ni.

Na wanke akussan, na zuba ruwan ya bi rariya, don ba a riga an haƙa ramin ba. Ban daɗe ba na jiyo agwaginta a bayan katanga, sun dawo.